Garin kiran kifi na cikin leda, kamar yadda na same shi a Tiga

Wani shagon kayan fatsa a Sabon Gari ta Kano ya fara kawo garin da ake watsa wa kifi a ruwa don ya taru kafin a jefa ƙugiya. Na Turai ne, kilo ɗaya a leda, da hoton ƙaton kifi a jiki. Ni ba masunci ba ne, ma'aikaci ne da ke zuwa Dam ɗin Tiga ranar Asabar don hutawa, na saya na gwada.

Da ka buɗe leda ƙamshi zai doke ka, mai zaƙi-zaƙi irin na biskit. Garin launin ƙasa ne, akwai ɓarzajjen hatsi da garin burodi a ciki. Wajen kwaɓawa ne ya burge ni. Da ruwan dam ɗin ake jiƙa shi kaɗan-kaɗan, a bar shi kamar minti 10 ya sha, sannan a murje gudajin da hannu. In ka dunƙula ya riƙe, in ka danna da babban yatsa ya warwatse, to ya yi. Curi uku ko huɗu masu girman lemon zaƙi nake jefawa wuri ɗaya da farko. Suna isa ƙasa sai su fara narkewa, ruwan wajen ya yi duhu-duhu, ƙananan ɓarɓashi na tasowa sama. Ba a jima ba guntun karan da nake ɗaurawa a zare ya fara rawa.

Karfasa na son shi ƙwarai, wannan kam ba musu. Matsalar ita ce ƙananan ke riga zuwa, su cinye tanar da ke kan ƙugiya tun kafin manya su iso. Sai ka daure, ka riƙa ƙara curi ƙarami lokaci-lokaci. In ka zuba da yawa kifin ya ƙoshi, ya bar ka da sanda a hannu.

Tarwaɗa kuwa ko kallonsa ba ta yi. Ba abin mamaki ba ne, don kifayen tafkunan Turai aka haɗa garin, ita kuma ƙarni take bi: hanjin kaji ko kan kifi. Mai shagon ya ce mini kowane kifi yana kira, a nan dai ya yi mini zaƙin bakin 'yan kasuwa.

Sai kuɗi. Wani dattijo da ke zama kusa da ni, wanda ya ce tun ana gina dam ɗin a shekarun 1970 yake wajen, ya leƙa robata ya ce, "Yaro, dusa ta ƙare a garinku ne?" Nasa haɗin dusar masara ce da dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan laka don ya nutse. Karfasarsa ba ta gaza tawa ba, kuma kuɗin leda ɗaya zai saya masa dusar wata guda. Inda nawa ya fi nasa shi ne tsabta da sauƙin ɗauka, kuma ba ya tsami a but ɗin mota in rana ta yi zafi.

Yanzu rabi da rabi nake yi, garin leda da dusa, sai ƙuli-ƙuli cikin tafin hannu. Leda ɗaya takan kai ni zuwa da yawa. In wajen da za ku zauna ruwa na gudu ne, ku ƙara laka, don garin shi kaɗai ba shi da nauyi, kafin ya kai ƙasa ruwa ya tafi da shi.