Wata Shida Ina Madugu a Aboabo: Sharhina Kan Wasan Godbound

Duk daren Asabar bayan isha'i muna shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu a Aboabo, nan Kumasi, a ɗora butar ataya, in buɗe wani littafi mai kauri da na buga a shagon kwafi. Mu biyar ne: ni, da ƙanena, da 'yar kawuna ma'aikaciyar jinya, da wani abokina tela, sai mai gyaran waya da ke da rumfa a kasuwar Kejetia. Wata shida ke nan muna haka, kuma ina ganin na ga abin da ya ishe ni in yi magana.

Ga wanda bai san irin wasan ba, tatsuniya ce da ake yi tare. Mutum ɗaya ke shimfiɗa duniya da mutanen cikinta, mu a wurinmu madugu muke ce masa. Sauran kowa na riƙe da jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, in abin na da shakka a jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya raba gardama. Uban irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma da bugunsa na biyar na 2014 muka fara. A can jarumi yana farawa ne ba shi da komai, ya riƙa hawa a hankali har mataki na 20. Mu ba mu taɓa wuce na shida ba. Yau wannan ya tafi Techiman saro doya, gobe azumi ya kama, jibi biki. Ranar nan ƙanena ya ajiye fensirinsa ya ce, "Yaya, shekara guda muna kashe ɓeraye a rami. Ni yaushe zan daki dutse ya tsage?"

Wannan ƙorafin ne ya kai ni ga Godbound, na Kevin Crawford, wanda ya fito a 2016 a ƙarƙashin kamfanin Sine Nomine Publishing. Akwai bugun kyauta a DriveThruRPG, shafin intanet da ake sayar da littattafan irin waɗannan wasanni, cikakke ne, da shi muke wasa har yau. Wanda ya haɗa min shafukan ya juya kusan goma ƙasa-sama, sai in riƙa juya littafin kamar mai duba taswira, amma wannan tsakanina da shi ne.

A Godbound babu zancen ɓeraye. Tun daren farko jaruminka ya fi ƙarfin rundunar sarki. Kowa yana zaɓar Kalmomi uku, kowace Kalma wani yanki ne na halitta da aka damƙa maka: Sama, Teku, Wuta, Dare, Takobi, Dukiya, Lafiya, Mutuwa, da sauransu. A ƙarƙashin kowace akwai baiwar da kake da ita dindindin, kuma in abin da kake so ba ya cikin jerin amma ya dace da Kalmarka, sai ka sadaukar da wani abu daga kuzarinka na ranar ka aikata shi. Tela ya ɗauki Sama da Teku da Tafiya. Mai gyaran waya, ba wanda ya yi mamaki, Dukiya ya fara nunawa. Ƙanena Takobi da Ƙarfi da Juriya. 'Yar kawuna ta daɗe tana kallon takardar kafin ta ce Lafiya, da Mutuwa, da Sani.

Abin da na fi so a farkon shi ne babu dogon jerin gwaninta. Kana rubuta gaskiya uku ne game da jaruminka, inda ya fito, da sana'arsa ta da, da waɗanda yake da alaƙa da su. Duk lokacin da ɗaya ta shafi abin da kake ƙoƙarin yi, a ƙara maka 4 a kan abin da ɗan ludo ya nuna. Cikin rabin sa'a kowa ya gama.

Sai maganar da na san mai karatu yana jira. Sunan wasan da labarin da ya zo da shi suna magana ne a kan mutane masu iko irin na abin bauta, kuma tatsuniyar duniyarsa, Arcem, an gina ta a kan wani labarin sama da ni ba zan iya buɗe baki in karanta wa jama'ata ba. Na tsallake wannan ɓangaren gaba ɗaya. Jarumanmu masu baiwa muke ce musu, kamar yadda tatsuniya ke da mai zoben da aljani ke yi wa hidima, ba wanda ke bauta musu, su ma bayi ne masu mutuwa. Ƙa'idojin ba su girgiza ba don mun yi haka. Duk Bahaushen da zai ɗauki littafin ya shirya wa wannan aikin tun farko.

Kawu ma sai da ya zo kanmu a mako na biyu. Ya tsaya da buta a hannu yana kallon 'ya'yan ludo a kan tire. "Kai, caca kuka kawo min gida?" Na miƙe na ce, "Wallahi Kawu ko sisi babu a ciki, zauna ka gani." Ya zauna kusan minti ashirin, bai ce uffan ba, yana jin tela na ciniki da wani sarkin da nake yi wa murya. Da zai tashi ya ce, "Ashe gatanan gatananku ce da lissafi. To ku dai kada asuba ta wuce ku."

Duniyar da na gina a madadin, hanyar goro ce ta zamanin kakanninmu, wadda ayarin fatake ke bi daga Kano su ratsa Borgu har Salaga, su kawo kanwa da tufafi su koma da goro. Na ƙirƙiri wani birni a bakin kogi, da kasuwa, da zango a bayan ganuwa.

Kuskuren farko nawa ne. Kwana uku ina shirya wani dodo mai kai bakwai da dakarunsa. Zagaye biyu ƙanena ya gama da su. Yadda ake lissafin sara a wasan nan, ba lambar da ta fito ake cirewa kai tsaye ba, ana duba ta ne a wani ɗan jadawali: 1 ba komai, 2 zuwa 5 ɗaya, 6 zuwa 9 biyu, 10 zuwa sama huɗu. Da jin haka kamar kaɗan ne, sai ka tuna sojan gama-gari maki ɗaya tak yake ɗauka ya faɗi. Bayan wannan kuma kowane zagaye jarumi na da wata jifa ta kyauta da ɗan ludo mai fuska 8 wadda ke share ƙananan abokan gaba ko da shi hankalinsa na wani wuri. Na zauna da takarduna a hannu kamar wanda aka yi wa kwace a tasha.

Daren da wasan ya fara daɗi shi ne daren da na kawo musu fari. Na ce shekara biyu ba ruwa, gero ya ƙone. Tela ya yi murmushi ya ce, "Madugu, ni ne mai Sama. A yi ruwa." Aka yi ruwa, ba sai an jefa komai ba. Na bar su suka sha yabo, maroƙa suka yi musu kirari. Mako na gaba sai ga wakilai daga garin da ke gangaren kogi, ƙafafunsu duk laka, sun zo tambayar wa zai biya rumbunansu da suka tafi. Duk wanda ya taɓa kwana yana kwashe ruwa daga ɗaki a unguwar nan in rafin Aboabo ya cika da damina, ba sai an yi masa bayanin fuskokin mutanen nan ba. Tela ya ce zai janye kogin. Na ce to, masuntan da ke tsakiya fa? Sa'a biyu suka yi suna gardama, ba a zare takobi ko sau ɗaya ba, atayar ma ta huce.

Daga nan na gane inda zan riƙa neman labari. Ba na ƙara tambayar kaina me zai iya kashe su. Ina tambayar wa zai kwana da yunwa saboda alherin da suka yi.

Mai gyaran waya ya faɗa ramin da na haƙa masa da ƙafarsa. Ya ga talakawan birni cikin bashi, sai ya cika musu ƙwarya da zinariya. Dabarar ba tawa ba ce, daga tarihi na ɗauko: Mansa Musa da ya bi ta Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta hajji, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar. A birninmu ma haka, fatake suka ce ba su karɓar ƙasa mai ƙyalli, a ba su wuri ko gishiri. Huhun goro ya ninka ya sake ninkawa. Mutumin da kullum yake faɗa da masu ciniki a kan farashin sikirin, sai ga shi ya shafe zama uku yana kafa ma'auni, ya aro tsarin 'yan tagullar nan da Tonawa, wato Asante, ke auna garin zinariya da su a da, yana rantsuwa ba zai ƙara kyauta ba sai da shawarar sarkin kasuwa.

Amma wanda ya tsaya min a rai na 'yar kawuna ne. Wasan yana da hanyoyi biyu na canza duniya. Akwai tasiri, wanda abin ke tsayawa muddin hankalinka na kansa, ka janye ya koma yadda yake. Akwai kuma mulki, maki ne da kake tarawa ka kashe, canjin ya zauna. Tsadarsa tana bin faɗin wurin, ƙauye ya fi birni araha, birni ya fi ƙasa, tana kuma ninkawa gwargwadon yadda abin ya saɓa wa al'ada. Wata biyu tana tara nata ba ta taɓa ba. Rannan ta ce, a hankali, ba ta ɗaga kai ba, "Yaya, ina so a birnin nan kada jariri ya ƙara mutuwa." Mun san inda take aiki, mun san abin da take gani. Ba wanda ya yi dariya.

Na amince. Kuma na yi abin da madugu ya kamata ya yi, ko da yake zuciyata ba ta so ba. Labari ya bazu. Mata masu ciki suka fara zuwa daga tafiyar wata guda, a kan jakuna, a ƙafa. Zangon bayan ganuwa ya fi birnin cika. Sai masu gari suka tashi da tambayar ina iyakar birni, shin albarkar ta haɗa da bukkokin baƙi, kuma wa ya ba su filin. Mu 'yan zango, da aka haifi kakanninmu a garin nan amma har yau wani sa'in a tambaye mu daga ina muka zo, ba mu buƙaci littafi ya koya mana wannan muhawarar ba. Ƙanena, mai Takobi, ya ce zai tsaya a ƙofar gari ya ga wanda zai kori mutum. Ta ce masa, "In ka kashe ubanninsu, wa zai riƙe jariran da na raya?" Har yanzu ba su warware ba, zama na biyar ke nan.

Ga mai neman dabarun labari irin wannan, ba sai ya je nesa ba. Takobin Okomfo Anokye, babban bokan Tonawa na da, yana nan Kumasi a harabar asibitin da ke ɗauke da sunansa, an ce tun da ya kafa shi ba wanda ya iya cirewa. Kujerar zinariya da aka ce ya sauko wa sarkin Tonawa Osei Tutu da ita daga sama, ita ce gwamnan Turawa ya nemi a kawo masa ya zauna a 1900, sarauniya Yaa Asantewaa ta ja yaƙi da Turawan. Na ari wannan: jarumi ya zuba ikonsa a cikin wani abu, sai mu tsallake shekara ɗari biyu mu ga jikoki na kashe juna a kansa. Ko Bayajida, macijin Kusugu dare ɗaya ya ɗauke shi, labarin da ya haifi garuruwa duk bayan an buɗe rijiyar ne. Ƙa'idar wasan ma tana tura ka wannan hanyar, domin jarumi ba ya hawa mataki da faɗa kawai, sai ya kashe makin mulki ya canza wani abu a duniya. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a littafin duka.

Wahalarsa a kan madugu take. Turancin yana da nauyi, ni nake fassara kowace baiwa, wani lokaci mu yi saɓani a kan ma'ana. Jadawalan ƙirƙirar fada da ƙungiyoyi da matsalolinsu suna taimakawa sosai, amma duk canjin da 'yan wasa suka yi sai ka rubuta ka bi sawunsa, na cika littafin makaranta biyu. 'Ya'yan ludo masu fuskoki da yawa ban same su a Kumasi ba, da manhajar waya muka fara kafin wani ɗan uwa ya taho mana da su daga waje. Sannan mai son faɗa kamar ƙanena yana iya yin hamma in zaman sulhu ya yi tsawo, dole lokaci-lokaci ka kawo masa wani mai baiwa irinsa wanda zai iya fasa masa baki. In jama'arka masu son shiga rami su kwaso dukiya ne, ku zauna a kan Dungeons & Dragons, ya fi dacewa da hakan.

Asabar mai zuwa sarkin birni zai kira taro a kan maganar zango. Ban gaya musu ba, amma matarsa ma cikin wata bakwai gare ta, kuma a bayan ganuwa aka haife ta. Tela ya ce shi zai kawo sukari.