Koha a Laburarenmu na Katsina: Kyauta Ce, Amma Sai an Shirya Mata

Duk laburaren da littattafansa suka haura dubu biyu ko uku, kuma yake ba da aro a tafi gida, babban littafin rajista ya daina isar sa. Kafin a gano wa ke riƙe da wane littafi sai an bi shafi-shafi, wanda ya ɓata kuwa ba a sani sai ranar da wani ya zo nema. Manhajar da ma'aikatan laburare suka fi ambata idan ana wannan magana ita ce Koha, kuma ta cancanci ambaton, muddin an san abin da take nema kafin a ɗauko ta.

A 1999 kamfanin Katipo Communications ya rubuta ta domin laburaren yankin Horowhenua, a tsibirin arewa na ƙasar Niyu Zilan, saboda tsohuwar manhajarsu ba za ta iya tsallake canjin kwanan wata na shekarar 2000 ba. Ta fara aiki a Janairun 2000, aka sake ta kyauta ga kowa. Asalinta na ƙaramin gari ne mai 'yan rassa, shi ya sa ta dace da irin namu: manhaja ɗaya za ta riƙe reshen Katsina da na Daura da na Funtuwa, kowane littafi da reshen da ya mallake shi. Sabon zubi yana fitowa sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba, lambarsa kuma ita ce kwanan watansa: 24.05 na nufin Mayun 2024. Gara a tsaya kan wanda ya kwana biyu, an riga an toshe kurakuransa, da a riƙa bin sabo.

A kan Linux take zama, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, nau'in Debian ko Ubuntu. Ana bukatar kwamfuta ɗaya da za a keɓe mata, mai ƙwaƙwalwar aiki gig 4 a ƙalla, 8 ya fi kwanciyar hankali. Sauran kwamfutocin da wayoyi ta burauza suke shiga, ba a saka musu komai. Intanet sai wajen girkawa da ɗauko bayanan littattafai daga waje; aro da maidowa suna tafiya a kan haɗin kwamfutocin cikin gida ko da babu data. Da Turanci take zuwa, ana iya ƙara Larabci da Faransanci, wanda zai yi wa baƙinmu na Maraɗi daɗi.

Teburin aro shi ne inda ta fi burgewa. A haska katin mai karatu, a haska bakod ɗin littafi, wato lambar nan mai layi-layi, shi ke nan ranar maidowa ta fito. Dokokin aro kai ne ke tsara su: ɗalibi littafi biyu na mako biyu, malami biyar na wata guda, ƙamus ba ya fita. Sikana mai shiga ta USB ta wadatar, a dai tabbatar tana danna maɓallin shigarwa da kanta bayan kowace lamba. Takardar bakod kuma a buga ta da firinta mai hoda, a lulluɓe da farin salatif. Irin takardar rasit ɗin POS ba ta jure zafin Afrilu, rubutun dusashewa yake yi.

Wahalar tana wajen shigar da littattafai, kuma littattafanmu na Hausa su ne suka fi cin lokaci. Littafin da aka buga a Ingila ko Amurka, ka saka lambar ISBN ɗinsa, wato lambar shaidar littafi ta duniya, Koha ta ɗauko cikakken bayaninsa daga manyan laburaren duniya ta hanyar da ake kira Z39.50. Littattafan soyayya na kasuwar Kano, da ƙananan littattafan fiƙihu da waƙoƙin ajami da ake sayarwa a bakin masallaci, da yawansu ba su da ISBN, wasu ma ba shekarar bugu. Waɗannan da hannu za a rubuta su ɗaya bayan ɗaya a tsarin MARC21, wato ƙa'idar rubuta bayanin littafi inda kowane bayani yake da gidansa mai lamba: marubuci a gida na 100, sunan littafi a 245, lambar harshe "hau" ko "ara", lambar bakod da lambar wurin littafin a kan kanta a 952. A tsarin Dewey, na jera littattafai a kanta bisa fanni, adabin Hausa yana 893.72, harshen kansa 493.72, Musulunci 297, tarihin Najeriya 966.9. Idan aka ƙiyasta minti goma a kan kowane littafi, dubu biyar za su ci sama da awa 830. Ma'aikaci ɗaya mai yin awa biyar a rana zai kwashe kusan kwana 167 na aiki. Shugaban da ya ce a gama cikin wata guda bai yi wannan lissafin ba.

Wanda ya riga ya tara jerin littattafansa a Excel zai iya juya shi zuwa tsarin MARC21 da manhajar MarcEdit ya loda gaba ɗaya. A yi hattara da abu biyu: Excel yana cinye sifilin farkon lamba, 000451 ta koma 451, sikana ta kasa gane littafin, yana kuma murɗe ISBN mai lamba 13 ya taƙaita ta. A mayar da waɗannan layukan zuwa rubutu zalla tun kafin a fara cikawa.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Koha tana adana ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau, amma injin bincikenta, Zebra, ba ya ɗaukar ƙ da k a matsayin abu ɗaya sai an gaya masa. Ma'aikaci ya rubuta "ƙasa" daidai, yaro ya zo ya buga "kasa" a wayarsa, sai a ce babu, alhali littafin na kan kanta. Ana gyara wannan a fayil ɗin haruffa na Zebra, a haɗa kowane mai lanƙwasa da ɗan'uwansa, sannan a sake gina fihirisar, wato jerin kalmomin da injin ke dubawa in ana bincike. Wanda ba zai iya ba, ya ƙara sunan littafin ba lanƙwasa a gida na 246. Binciken Larabci da ajami kuma sai an kunna ICU, wato tsarin da ke sa Zebra ya gane haruffan da ba na boko ba. Abin da bai kamata ba shi ne a zubar da lanƙwasar don neman sauƙi. Laburare ne, nan ya fi cancanta a rubuta Hausa daidai.

Rajistar masu karatu ma tana da nata. Abubakar Sani na Ƙofar Ƙaura daban, na Rafindaɗi daban, kuma ba mamaki dukansu 1 ga Janairu suka ba da a matsayin ranar haihuwa. Manhajar za ta yi gargaɗin cewa mutum ɗaya ne. A dogara da lambar kati, a cika unguwa da lambar waya, a ɗora hoto. A kalandar ciki kuma a saka hutun ƙaramar Sallah da babba kowace shekara, tun da ranakun matsawa suke yi. In ba haka ba za a ci mutane tarar kwanakin da ƙofa take kulle.

Wuta ita ce ke kashe yawancin irin wannan aiki. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu tana iya lalata rumbun bayanai ko fihirisa, don haka inbata da batir, ko ƙaramar sola, suna cikin kuɗin farko, ba abin da za a bari sai an samu hali ba. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa hure ta. Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Lissafin tara, saƙon tunatarwa da ajiyar kwafin bayanai duk ayyukan kullum ne da Debian ke yi da ƙarfe 6:25 na safe. Laburaren da ke kashe kwamfuta in an tashi, a kunna ƙarfe takwas, waɗannan ayyuka ba za su taɓa gudana ba, kuma babu abin da zai nuna a allo. A girka anacron, manhajar da ke gudanar da ayyukan da lokacinsu ya wuce da zarar an kunna kwamfuta, ko a matsar da lokacin zuwa hantsi. Kwafin da take ajiyewa ma na kwana biyu ne kawai, a cikin kwamfutar kanta, saboda haka duk Juma'a a kwashe shi a filasha a ajiye a wani ginin.

Makarantar Islamiyya mai littafi ɗari uku ba ta bukatar wannan ɗawainiya, rajista mai tsabta ta ishe ta. Laburaren jama'a, ko na kwaleji, ko na babbar sakandare, ya ɗauke ta, da sharaɗin a horar da ma'aikata biyu na dindindin a kan Linux da MARC21, kalmar sirrin babbar kwamfutar kuma ta kasance a rubuce a hannun shugaban laburare tun kafin wanda ya girka ta ya karɓi cikon kuɗinsa.