Rosari mai igiya da ƙwayoyin katako: ya cancanci kuɗinsa

Wannan rosari, wato carbin addu'ar Katolika, shi ne irin da ake sayarwa a shagon harabar coci bayan Misa. Ƙwayoyinsa 59 ne: 53 na addu'ar A gaishe ki Maryamu, 6 na addu'ar Ubanmu. Ka ƙirga kafin ka biya, domin masu araha wani lokaci gida ɗaya (wato rukunin ƙwayoyin da ke jere) yakan zo da tara maimakon goma.

Ga mai addu'a a kasuwa ko cikin mota, ya fi mai sarƙa nesa ba kusa ba. Zufa na sa sarƙa tsatsa, zobbanta su buɗe a aljihu. Igiyar roba kuwa tana jure ja, kuma ƙullin da ke gefen ƙwayar Ubanmu yana sanar da yatsa cewa gida ya ƙare ko da a duhu ne.

Rauninsa yana wajen gicciye: ƙullin yakan warware. Ɗan lasa bakin igiyar da wutar ashana, ya daskare.

Abin takaici, takardar addu'o'in da ke cikin ledar wasu rosarin ba ta da Asiran Haske na ranar Alhamis (al'amuran rayuwar Yesu da ake tunani a kansu yayin addu'ar), waɗanda Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara a 2002. In ka saya, kai wa Fada ya albarkace shi.