Kontena ko VM: wanne ya fi tsare sabar?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: sabar Linux ɗaya gare shi, zai ɗora manhajojin kwastomomi uku da ba su san juna ba. Docker, mai sa kowace manhaja a keɓaɓɓen wuri da ake kira kontena, ta wadatar, ko sai ya raba su da VM, wato kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta a cikin sabar?

Malam, bambancin yana wurin kanel, wato zuciyar Linux. Kontenoni gidan haya ne: kowa da ɗakinsa, amma rufi ɗaya, zaure ɗaya. Duk kanel ɗin sabar suke amfani da shi. VM kuwa kowanne da kanel ɗinsa, gida ne mai katangarsa.

Shi ya sa ɓaraka a kanel ke shafar kontenoni gaba ɗaya. Dirty Pipe na 2022, wanda ya taɓa kanel daga 5.8 zuwa sama, ya bai wa wanda ba shi da iko damar rubutu a fayil ɗin da karantawa kawai aka yarje masa. In a cikin VM aka yi wannan, ɓarnar ta tsaya a gidan da ta faru. Shi ma runc, mai tayar da kontena, ya sha huda: a 2019 ɓaraka mai lamba CVE-2019-5736 ta bari mugun kontena ya sake rubuta fayil ɗin runc na sabar ta hanyar /proc/self/exe, ya zama root, wato mai cikakken iko, a kan sabar kanta. A Janairun 2024 aka sake samun CVE-2024-21626, aka toshe ta a runc 1.1.12. Duba naka da `runc --version` yau.

VM ma ba tsira ya yi ba. Ɓarakar VENOM ta 2015 ta bi ta sashen faifan fulofi na QEMU, manhajar da ke kwaikwaya wa VM na'urori. Sai dai ƙofofinsa ba su kai na kanel yawa ba, kuɗinsa kuma RAM ne da jinkirin tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar da mutum ke buɗewa da hannunsa. `--privileged` na miƙa wa kontena na'urorin sabar, sai ya ɗora faifanka ya karanta komai. Saka /var/run/docker.sock, wato hanyar bai wa Docker umarni, a cikin kontena kuwa daidai yake da ba shi root, domin zai tayar da sabon kontena ya haɗa masa /, wato tushen duk fayilolin sabar. Kuma root na cikin kontena shi ne UID 0, wato root na sabar, muddin ba ka kunna userns-remap mai raba su ba, ko ka koma Podman (madadin Docker) marar root.

Don haka kwastomomi uku, VM uku a kan KVM (mai gudanar da VM a Linux), Docker a cikin kowanne. In RAM ta gaza, duba Kata Containers ko gVisor, masu ƙara katanga tsakanin kontena da kanel ɗin sabar. A kowane kontena sa USER wanda ba root ba a Dockerfile (fayil ɗin gina kontena), `--cap-drop=ALL` don cire duk iko na musamman, sannan ka maido da wanda ake bukata kaɗai, `--security-opt=no-new-privileges`, da `--read-only`. Kada ka kashe seccomp, mai tace kiran da manhaja ke yi wa kanel, don manhaja ta ƙi tashi. Nemo kiran da aka hana, ka buɗe shi shi kaɗai.