Akwatin ƙarfe mai kulle: yadda ya yi mini daga Jojiya zuwa Maine

Ban taɓa mallakar lasisin yawo da bindiga ba. A jihar Jojiya ta Amurka, inda na yi shekara bakwai, babu wanda ya tambaye ni, domin tun 2022 jihar ta daina neman wannan takarda daga duk wanda doka ba ta hana shi riƙe makami ba. Fistol ɗina a gida take zaune, sai dai can ba a rasa ba in kai ta filin koyon harbi. Da aiki ya tashe ni daga Atlanta zuwa Portland ta jihar Maine, tafiyar kusan mil 1,200, sai na ga ashe a hanya aikin yake. Maine ma ba ta neman lasisi tun 2015. Amma kafin ka isa can sai ka keta Maryland, New York, Connecticut da Massachusetts, kuma waɗannan ba sa wasa da zancen ƙaramar bindiga ko kaɗan.

A gida Najeriya dokar makamai ɗaya ce daga Kano har Legas. A nan kuwa abin da yake halal gare ka da hantsi yana iya kai ka gidan yari da azahar, don kawai ka wuce wani allo a bakin titi.

Abin da ya ba ni damar wucewa shi ne dokar tarayya ta 1986, wadda Shugaba Reagan ya sa wa hannu, sashe na 926A. Ta ce in doka ta yarda ka riƙe bindigar a inda ka taso da inda za ka sauka, kana iya ratsa jihohin da ke tsakani, da sharaɗin babu harsashi a cikinta, kuma daga ita har harsashin babu wanda hannunka zai kai gare shi daga inda kake zaune. In motarka na da but da aka raba da wurin zama, shi ke nan. In kuwa jif ce irin tawa, wadda bayanta da cikinta duk ɗaki ɗaya ne, to dole a sa a cikin abu mai kulle, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa aljihun gaban mota da akwatin tsakanin kujeru ba sa cikin lissafi. Wannan sharaɗi ne ya kai ni sayen akwatin da nake magana a kansa.

Na saye shi dala 38 a wani shagon kayan farauta. Ƙarfe ne baƙi, girmansa bai wuce babban ƙamus ba, an shimfiɗa masa soso a ciki sama da ƙasa. Ba shi da ɗan makulli, lambobi uku ake murzawa. Yana zuwa da igiyar ƙarfe da ake zargawa a jikin wani abu a mota, a kawo bakinta cikin akwatin a rufe, ta yadda ba a ɗauke shi sai an buɗe. Na zarga tawa a ƙugiyar ɗaure kaya da ke can ƙarshen jif ɗin, na jera kwalayen littattafai da tukwanen uwargida a kansa. Da ta ga haka sai ta ce, "Malam, yanzu in ɓarawo ya tare mu sai ka ce ya dakata ka sauke tukunya?" Na ce mata ai abin da dokar take so ke nan, ya zama ni kaina ba zan iya kai hannu ba.

Ta fuskar aikinsa, ba ni da ƙorafi babba. Kwana biyu muna kan titi ban ji ƙwaram ba, soson ya riƙe bindigar gam. Murfin yana zama daram, babu inda za ka cusa bakin sukundireba cikin sauƙi. Amma fa akwai abubuwa uku da suka ɓata mini rai. Lambobin ƙanana ne ƙwarai, baƙi a kan baƙi, da asuba sai da na haska fitilar waya kafin na gan su, ga shi murzawar tana cijewa in hannu ya yi sanyi. Igiyar kuma siririya ce, ba ta kai kaurin fensir ba, duk mai almakashin yanke ƙarfe zai gama da ita kafin ka ce kwabo. Tana hana ɗan sane da ya fasa gilashi ya fizga ya ruga, iyakarta ke nan. Na uku, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a jikin kwalin an nuna hoton bindiga da gidan harsashi kwance gefe da gefe, ni kuwa da na sa tawa ko wurin yatsa bai rage ba. Dole na koma na sayi na biyu saboda harsasai. Daga baya na ga hakan ya fi mini kwanciyar hankali, kowa da ɗakinsa, amma an sa ni kashe kuɗin da ban shirya ba.

Gidan harsashin ma sai da na canza. Wanda ya zo da bindigar yana cin 15, alhali New York, Connecticut da Massachusetts sun tsaya a 10, kuma sashen nan na tarayya bindiga da harsashi ya ambata, bai ce komai a kan gidan ba. Ban tsaya jayayya ba, na sayar da nawa a Jojiya na sayi masu cin 10.

Abin da mai shago bai gaya mini ba, kuma ba a rubuta a kwali ba, shi ne akwatin ba laya ba ne. Dokar tana kare mai wucewa ne, ba mai sauka ba. A 2005 wani mutumin jihar Utah mai suna Gregg Revell yana kan hanyarsa ta zuwa Pennsylvania, jirgi ya wuce ya bar shi a Newark ta jihar New Jersey, aka miƙo masa jakarsa da bindiga a kulle a ciki, ya kwana a otal. Washegari ya kai kansa ya bayyana ta kamar yadda aka tsara, aka kama shi. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce sashe na 926A bai rufe shi ba, tunda a daren nan bindigar tana inda hannunsa zai kai. Shaneen Allen kuwa, 'yar Philadelphia, tana ma da lasisin jiharta, ta shiga New Jersey a 2013, ita da bakinta ta gaya wa ɗan sanda tana da bindiga, ta kwana a tsare, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa.

Saboda haka na tsara tafiyar a kan wurin kwana, ba a kan gajiya ba. Na bar titin I-95 da ke bi ta New Jersey, na ɗauki I-81. Muka kwana a Winchester ta Bajiniya, inda ba a neman lasisi don ka ajiye bindigarka a ɗaki. Da sassafe muka tashi, Maryland mil 12 ce kawai a wannan titin, ta wajen Hagerstown, kafin shayi ya huce mun fita. A Scranton muka hau I-84, muka cika tanki tun kafin iyakar New York, muka haɗa azahar da la'asar a gefen gidan mai, ba mu sake tsayawa ba sai sau ɗaya don yara su kewaya. Wata 'yar'uwar uwargida tana Hartford ta Connecticut, ta yi ta kira wai mu biyo ko ruwa mu sha. Haƙuri muka ba ta, har yau tana yi mana gori.

Ga 'yan'uwa da ke nan Amurka, kafin zancen akwati ku duba takardunku. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai a 'yan wurare ƙalilan da aka keɓe. Babu kullen da zai gyara wannan.

Akwatin dai na ba shi huɗu cikin biyar. Yanzu yana saman kabad a Portland, na ɗaure igiyar a jikin ƙarfen rataye kaya, lambobin kuma na ɗiga musu farin fenti don in riƙa gani.