Kwana uku a jirgin ruwa daga Aswan zuwa Luksor: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ɗana ne ya matsa mini. Shekararsa ta uku ke nan yana karatu a Azhar, kuma duk wayar da za mu yi sai ya ce, "Baba, kai da kake noman rani tun ban san kaina ba, ya kamata ka zo ka ga yadda mutanen nan suke cin abinci da ruwan Nilu." Ni manomi ne a yankin Kadawa, ina yin alkama da tumatir da sanyi, shinkafa da damina. Da aka yi musu hutun rabin shekara a ƙarshen Janairu sai na tattara na tafi. Shi ya samo wani kamfanin yawon buɗe ido a Alƙahira, muka biya kuɗin kwana uku a jirgin ruwa daga Aswan zuwa Luksor, haɗe da abinci sau uku da ɗan jagora. Tun da na dawo ake ta tambayata yadda abin yake, shi ya sa na zauna na rubuta.

Daga Alƙahira jirgin ƙasa muka hau, muka kwana a hanya. Da gari ya waye na leƙa taga, a nan na fara fahimtar ƙasar. Ga kogi, ga kore shar a gefensa, can gaba kaɗan kuma sai rairayi da duwatsu, babu ko ɗan tsiro. A wasu wuraren mutum zai iya ajiye ƙafa ɗaya a gona, ɗaya a hamada. Kusan kashi 95 cikin ɗari na mutanen Masar a wannan siririn bakin kogi suke zaune, da kuma inda ya rarrabu kafin ya faɗa Bahar Rum. Kogin daga kudu yake gangarawa arewa, don haka kudancin ƙasar suke kira Masar ta sama, ko Sa'id. Na yi yini guda ina rikicewa a kan wannan.

Jirgin ruwan kansa babu laifi. Ɗaki mai tsabta, ruwan zafi, barguna biyu, kuma na gode da su, domin sanyin Aswan da asuba ba wasa ba ne. Abinci akwai yalwa, kuma bai yi wa bakina nisa ba: miyar lalo da suke kira mulukiyya, kuɓewa, wake da safe, da zoɓo wanda suke ce wa karkade. A kasuwar Aswan har goriba na gani. Amma hoton da aka nuna mana na taga mai kallon kogi rabin gaskiya ne. Jiragen sun yi yawa, idan an tsaya sai a jera su gefe da gefe, har sai ka ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa. Daren farko tagata bangon wani jirgi take kallo, ga ƙarar inji da warin gas har asuba. Babu wurin salla da aka ware, ga kuma mashaya a hawa na biyu. Ma'aikatan jirgin ne suka nuna mana lungun da suke shimfiɗa darduma, kuma su ke gaya mana alƙibla, tunda jirgi yana tafe yana juyawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai. An ce mana komai na ciki. Da muka isa sai ga shi zuwa Abu Simbel kuɗinsa daban, shiga kabarin Fir'auna Tutankamun kuɗinsa daban, ruwan sha ma a teburin abinci saye ake yi. A ƙofofin wuraren tarihi kuma da katin banki ake yankan tikiti, ba don katin ɗana ba da na tsaya a waje da kuɗina a aljihu. Ga bakshish, wato na goro: mai keken doki, mai gadin ƙofa, mai nuna maka hoton da idonka ya riga ya gani, kowa hannu a miƙe.

Duk da haka Abu Simbel ya ci kuɗinsa. Tun kafin asuba mota ta ɗauke mu, tafiyar kusan kilomita 280 kudu da Aswan, dab da iyakar Sudan. Fir'auna Ramsis na biyu ya sa aka sassaƙe haikalin a jikin dutse, da mutum-mutuminsa guda huɗu a zaune a ƙofa, kowanne tsayinsa ya kai mita 20. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba a nan aka gina shi ba. Da aka fara babbar madatsar Aswan a 1960, ruwan tafkin da zai taru zai haɗiye shi, sai aka yayyanka dutsen gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga shi mita 65 sama, aka sake harhaɗawa. Na yi ta neman inda aka haɗa, da ƙyar na ga layin. Haikalin Fila ma haka aka yi masa, aka ɗauke shi daga tsibirinsa zuwa wani. Mutanen Nuba da ruwan ya cinye wa ƙauyuka kuwa aka kwashe su, da yawansu aka zaunar da su wajen Kom Ombo, nesa da bakin kogin da suka saba. Wannan ɗan jagoran bai ambata ba sai da ɗana ya tambaya.

Ɗan jagoran mutumin kirki ne, "Ya Hajji" yake kirana, ni kuma in ce masa Ustaz. Ya haddace sunayen fir'aunoni da na gumakansu kamar karatun allo. Jarabarsa ɗaya ce: "Mu ne na farko." Ko shayi aka kawo sai ya samo abin da Masar ta riga kowa. Ɗana ya riƙa bin bayansa yana dubawa a waya, kuma gaskiya yawanci ba ƙarya ya yi ba. Layin dogo na farko a Afirka nasu ne, an buɗe sashensa na farko daga Iskandariyya a 1854. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, 1987, shi ma na farko a nahiyar. Su ne ƙasar Afirka ta farko da ta buga gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a 1934, su suka ɗauki kofin Afirka na farko a 1957, kuma Butros Gali ne ɗan Afirka na farko da ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1992. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne yajin aiki. A zamanin Ramsis na uku, masu haƙa kaburburan sarakuna sun ajiye kayan aiki sun yi zaman dirshan saboda an jinkirta musu albashi, albashin kuwa hatsi ne, kuma shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Na ce ashe ciwon ya tsufa. Inda ban bi shi ba shi ne da ya buga ƙirji ya ce Ramsis na biyu ne Fir'aunan Annabi Musa, alaihis salam. Alƙur'ani bai ambaci suna ba, masana kuma ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba. Ya dace ya ce "an ce".

Babban abin da na rasa a wurinsa shi ne noma. A Kom Ombo, haikalin da aka raba biyu tsakanin gunki mai kan kada da mai kan shaho, ya daɗe yana bayani a gaban wani zane da ake cewa kayan aikin likita ne. Da muka zo kan wata rijiya mai zurfi da matakala a jikinta, minti biyu bai yi ba ya wuce. Ni kuwa nan na tsaya. Da irin wannan rijiya ake auna tashin kogi a lokacin ambaliya, kuma da awon ake sanin ko shekara za ta yi albarka, har a yanka haraji. Duk ginshiƙan da muka sha kallo, hatsin wannan ambaliya ne ya ciyar da masu sassaƙa su. Shekararsu ma a kan kogi suka tsara ta: wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, a ƙara kwana biyar ya zama 365, a raba uku, lokacin ambaliya, lokacin tsiro, lokacin girbi. Har gobe manoman Masar da sunayen waɗancan watanni suke lissafin shuka. Mu a watan Tuba muka je, wanda suka sani da tsananin sanyi. A bakin rijiyar nan mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu ya faɗo mini a rai, da shawarar Annabi Yusuf, alaihis salam, ta a bar hatsi a zangarniyarsa.

Abin da ɗan jagora bai ba ni ba, a saman jirgi na same shi kyauta. Turawa suna kwance suna shan rana, ni na ja kujera bakin ƙarfe daga Kom Ombo har Edfu, ban ko sauka shan shayin la'asar ba. Rake ne iya ganinka, ana ta sara, ana lodawa a amalanke da tarakta, wasu wurare har da ɗan siririn layin dogo da ke kai shi masana'antar sukari. Tsakanin raken ga alkama kore, ga ayaba, ga dabino a kowace iyakar gona, kuma Masar ce ta fi kowace ƙasa samar da dabino. Ga wata ciyawa da suke kira barsim, shuka ta ake yi da sanyi don dabbobi, a yanka ta sake tohowa, kuma tana gyara ƙasa kamar wake da gyaɗa. Jakuna suna ɗauke da ita dami-dami, ɓaunar gida da suke kira jamusa tana ci a ɗaure. Ban ga dabba ko ɗaya tana yawo a gonar wani ba. Jigo irin namu na fadama, wanda suke kira shaduf kuma yana cikin zanen kaburburansu na dā, ban ga ana aiki da shi ba. Injin ban ruwa ne ko'ina, ƙararsa ɗaya da ta namu.

Wani ma'aikacin jirgi, ɗan wani ƙauye kusa da Kom Ombo, ya ga na ƙura wa gonaki ido, sai ya matso. Ɗana ya yi mana tafinta. Ya ce gonar mahaifinsa ba ta cika faddan ɗaya ba. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗan ɗara eka, kuma ana raba shi ƙiraɗi 24, da ƙiraɗi ake rabon gado. Ruwa bi da bi ake sako shi a kanal, wanda ya yi sake da ranarsa sai ya jira zagayowa. Na tambaye shi taki, ya girgiza kai ya yi dariya, na gane ciwonmu ɗaya. Kafin a gama madatsar a 1970, ambaliya ce take shimfiɗa musu baƙar laka daga tsaunukan Habasha kowace shekara. Yanzu lakar a gindin Tafkin Nasir, wato tafkin da madatsar ta tara, take kwanciya. Sun samu ruwa rani da damina, suna noma sau biyu har sau uku, sun huta da ambaliya da fari, amma sai da takin zamani, kuma gishiri yana tasowa a gonar da ba ta da magudana. Duk wanda ya san abin da madatsar Tiga ta yi mana a Kadawa, da abin da ta rage wa mutanen fadamar Haɗejia da Nguru, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da duk wannan ƙoƙari, Masar tana cikin ƙasashen da suka fi sayen alkama daga waje, saboda baki ya fi gona yawa. Da na ambaci sabuwar madatsar da Habasha ta gina a kan ruwan Nilu sai fuskarsa ta canza, na ja bakina.

Haikalin Edfu gini ne cikakke, har rufinsa yana nan, amma dawakan da ke jan keke zuwa can sun rame, wasu da gyambo a baya, ban ji daɗin hawa ba. A Esna mun daɗe muna layin wuce ƙofar ruwa ta madatsar garin, 'yan talla a kwale-kwale suna jefo mana jallabiya a leda har saman jirgi.

Luksor kuwa an yi mana gaggawa. Haikalin Karnak mai zauren ginshiƙai 134, wanda yini guda ba zai ishi mutum ba, a ɗan lokaci aka zagaya da mu, don a samu damar kai mu shagon turare da na sassaƙa inda farashi ya ninka na kasuwa. A jikin wani bango a can aka rubuta yarjejeniyar sulhu tsakanin Ramsis na biyu da Hittiyawa, masu wata daula ta dā a yankin Turkiyya ta yau, wadda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a duniya, amma da hannu kawai aka nuna mana wajen muna tafiya. Da yamma muka je haikalin cikin gari. A kansa akwai masallacin Abul Hajjaj, wanda aka gina lokacin da ƙasa ta binne haikalin, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa take can sama a rataye tun da aka haƙe wurin. A nan muka yi Magariba, ginshiƙan Fir'auna a jikin bango, liman yana karatu.

Wanda zai je, ya sa a rubuta masa a takarda abin da kuɗinsa ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ya riƙe katin banki da ƙananan kuɗi, ya tafi da rigar sanyi in da hunturu ne. Ya ƙara wa kansa kwana ɗaya a Luksor ba tare da kamfani ba, ya nemi a kai shi kaburburan Menna da Nakt a yammacin kogi, inda aka zana huɗa da girbi da awon gona da igiya. Ni sai a jirgin komawa na ji labarinsu, kuma har yanzu abin yana cina. Na dai bar wa ɗana saƙo ya bincika mini yadda ake samun irin barsim da takardun shigo da shi, ina so in gwada kwami biyu a gefen alkama da sanyin baɗi, in Allah ya kai mu.