Ƙwayar ƙaiƙayi ko man sitiroid: wanne ya dace da wane ciwo?

'Yar uwa, kin tambaya ko ƙwayar maganin ƙaiƙayi ta fi man shafawa mai sitiroid, tunda ɗanki kan kwana yana susa, ke kuma kina tsoron man. Ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka sai an fara duba abin da ya fito a fatar.

Ƙwayoyi irin su setirizin, loratadin da Piriton suna tare wani sinadari ne da jiki ke saki, mai suna histamin. Shi ke kawo borin jini, kumburin nan rudu-rudu da kan taso bayan cin wani abinci ko shan wani magani, ya lafa kafin awa 24, wani kuma ya ɓullo a wani gefen. Nan ne ƙwaya ke da amfani sosai, man sitiroid kuwa ba ya taɓuka abin kirki. Babba kan sha setirizin miligiram 10 sau ɗaya a rana, na yaro sai likita ya auna. Piriton na sa barci, sauran biyun ba sosai ba.

Amma idan fatar yaron ta bushe ne, tana tsagewa, ƙaiƙayin ya maƙale a lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa da wuya har tsawon watanni, wannan ya fi kama da cutar ekzima. Ita kumburi ne a cikin fatar kanta, histamin ba shi ne jagoranta ba. Shi ya sa uwa za ta yi ta ba yaro ƙwaya, ya samu barci, gari ya waye fatar na nan jiya i yau. Abin na damuna ƙwarai, domin susar na buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Ekzima man sitiroid take ji, domin shi ke kwantar da kumburin, kuma ƙarfin man hawa-hawa ne. Haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 shi ne mai sauƙi, da shi ake farawa a fuska da jikin ƙananan yara. Betametazon ya fi shi ƙarfi, kulobetasol ya fi su duka. Tsoronki na da tushe: mai ƙarfin, idan aka daɗe ana shafawa, yana sirantar da fata, ya kawo nanƙarwa, ya koɗar da launi, kuma yana ƙara wa makero da ƙyasbi ƙarfi. Sai dai wannan illar yawan amfani ce ba tare da sa idon likita ba. Yadda aka saba, sau ɗaya ko biyu ake shafawa a rana, mako ɗaya zuwa biyu, a kan inda ciwon yake kaɗai. Abin da aka matso daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu.

Kar ki raina man laushin fata marar turare, irin basilin. Kullum ake shafa shi, musamman bayan wanka, ko ciwon ya lafa.

Ki kai shi a duba fatar kafin ki sayi komai, don ƙazuwa ma ta fi ƙaiƙayi da dare, kuma babu ɗaya cikin biyun nan da ke kashe ta. Idan kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, kar a jira ƙwaya ta yi aiki: asibiti nan take, allurar adirenalin ake buƙata.